Kundin Karatun Shekara da Labarun Al'ajabi

Akwai wata tambaya da nakan yi wa ɗalibai a makon farko na kowace shekarar karatu, watau su faɗa mini littattafan Hausa da suka karanta a shekarar da ta wuce. Amsar ba ta cika sākewa ba. Kowa sai ya ambaci littafi biyu ko uku waɗanda aka ɗora masa don jarrabawa, sa'an nan ya yi shiru. Bara na yi wannan tambaya ga waɗansu malaman firamare da suka zo ƙaro ilmi daga ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, amsar kuwa ita ce dai. Amma da muka tashi, muna tsaye a inuwa, sai na ji biyu daga cikinsu suna gardama a kan wani jarumi da ya yaƙi sarkin aljanu, wai ko takobinsa ne ya cece shi ko kuwa zoben da uwarsa ta ba shi. Yadda gardamar ta yi zafi ya nuna kowannensu ya karanta littafin kashi-kashi tun daga farko har ƙarshe. Da na tambaye su don me ba su ambace shi a aji ba, sai ɗayan ya ce, "Ai Malam, wannan ba karatu ba ne, shiririta ce."

Wannan magana ita ce sanadin rubuta wannan takarda. Mutumin da ya faɗe ta zai koma ƙauyensu ya koya wa yara karatu, alhali kuwa yana jin kunyar irin littafin da ya fi riƙe shi, wanda kuma shi ne zai fi riƙe yaran. Mu kuma da muke koyar da adabi ba mu san abin da almajiranmu ke karantawa ba, sai abin da muka tilasta musu. Maganin da nake so in bayyana ba shi da tsada: ɗan littafin rubutu ne guda, wanda mutum zai riƙa shigar da duk abin da ya karanta a cikinsa har shekara ta zagayo. Na kira shi kundin karatu. Ni kaina na ajiye irinsa shekara guda kafin in ɗora wa kowa, kuma da gangan na karkata ga labarun al'ajabi, gama su ne aka fi rainawa.

Kada wani ya ɗauka wannan al'ada baƙuwa ce a ƙasarmu. A shekarar 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wani ɗan littafi da Larabci mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu, da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. A ciki ne muka san cewa a wurin wansa, Shehu Usmanu, ya karanta Ishiriniya da Witiriya, da Ajurumiya a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu. Su biyun sun yi kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara suna wa'azi da karantarwa. Mervyn Hiskett ya buga littafin tare da fassarar Turanci a 1957, kuma har yau yana cikin manyan madogara ga mai son sanin abin da ake karantawa a Gobir da Zamfara kafin jihadi. Abin lura a nan shi ne, Malam Abdullahi bai tsaya ga sunayen littattafai kaɗai ba. Ya faɗi daga hannun wanda ya karɓi kowane ɗaya. Jerin sunaye tsura ba ya gaya wa na baya kome sai yawan karatun mai shi, amma sa'ad da aka ce daga wane, sai hanyar da ilmi ya bi ta bayyana.

To, ga yadda za a tsara kundin. A buɗe shafi biyu masu kallon juna, a ja layuka a raba su gida-gida. Gidajen farko ba su da wuya: ranar da aka fara da ranar da aka gama, sunan littafi, sunan mai shi, maɗaba'a da shekarar bugu in an rubuta, sa'an nan inda aka same shi, watau saye ne, ko aro, ko haya, ko kuwa ta waya aka turo. A ƙara ɗan gida da za a nuna ko da ido aka karanta ko da kunne aka saurara, gama yanzu mutane da yawa, musamman mata a gidaje, ta rediyo da waya suke jin littafi, wani na karantawa. Ban ga dalilin hana shigar da irin wannan ba, muddin an yi masa alama.

Gidan da ya fi ba ni wahala shi ne na irin labari, kuma a kansa zan ɗan daɗe.

Turawa sun raba labarun al'ajabi gida biyu. Akwai waɗanda aka gina a kan kimiyya, kamar littafin Jules Verne na ƙasar Faransa na 1865, inda aka harba mutane zuwa wata daga cikin wata ƙatuwar igwa, ko na H. G. Wells na Ingila na 1895, inda wani ya ƙera na'urar da ke kai shi zamanin da bai zo ba tukuna. Akwai kuma waɗanda aka gina a kan sihiri da dodanni. Ma'auninsu a taƙaice shi ne, na farko abu ne da hankali ke jin zai iya yiwuwa wata rana, na biyu kuwa ba zai taɓa yiwuwa ba. Da na fara kundina wannan ma'auni na ɗauka, ban kai wata biyu ba na ga ba zai yi mana aiki ba.

Dalili kuwa shi ne aljani. Marubucin Ingila da ya sa aljani a labarinsa ya san shi da mai karatunsa duka ba su yarda akwai shi ba. Bahaushe Musulmi kuwa ya yarda akwai aljanu, har sura guda ke ɗauke da sunansu a Alƙur'ani. Abin da zai yi shakka a kai shi ne ko wannan aljanin na cikin littafi ya yi abin da aka ce ya yi. Haka kuma maganar ƙattin mutane. A tarihin baka na Zamfara, wanda Kurt Krieger, wani Bajamushe, ya tattara a Anka ya buga a 1959, daga Dutsi sarautar ta faro, kuma akan ce sarakunan farko na can ƙatti ne irin samudawa, har ana nuna manyan kaburbura ana cewa nasu ne. Saboda haka in ɗan Anka ya haɗu da ƙato a cikin littafi, ba lalle ne ya sa shi a gidan abin da ba zai yiwu ba. Yana iya sa shi kusa da tarihihi, inda kakanninsa suke. In malami ya ce wa ɗalibai talatin su raba littattafai tsakanin mai yiwuwa da marar yiwuwa, gardamar aƙida zai tayar, kuma kundi talatin ɗin ba za su gwamu da juna ba.

Tambayar da na koma yi ita ce: mene ne ya jawo abin mamakin a cikin labarin? Wannan tambaya ba ta neman mai karatu ya faɗi abin da ya gaskata, abin da littafin ya ce kawai take nema. Amsoshin da na samu ba su wuce huɗu ba. Ko dai wata halitta ce ta ɓoye, aljani ko dodo ko rauhani. Ko asiri ne wanda mutum ya haɗa da hannunsa, laya ko guru ko tsafi. Ko baiwa ce daga Allah ba tare da wani ya nema ba. Ko kuwa na'ura ce da ilmin ƙere-ƙere.

Bari mu gwada shi a kan littattafan da kowa ya sani. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, yawancin abin da ya faru tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe wayo ne da zamba irin ta 'yan Adam, amma ruwan kansa da taimakon aljanu aka samo shi. Gidan farko ke nan. A Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, Iliya gurgu ne tun yana yaro, sai waɗansu baƙi suka zo masa ya miƙe da ƙarfin da ya fi na kowa. Bai haɗa asiri ba, bai roƙi aljani ba, saboda haka gida na uku ne. Ganɗoki na Bello Kagara, wan Abubakar Imam, shi ne ya koya mini cewa littafi guda na iya bukatar layi biyu a kundi. Rabinsa na farko labarin yaƙi da Turawa ne a Kwantagora da kewaye, abin da ya auku da gaske a farkon ƙarni na 20, har tsofaffin da suka gani da idonsu suna raye sa'ad da aka buga littafin. Rabi na biyu kuwa jarumin ya shiga ƙasashen aljanu shi da ɗansa Garba Gagare. Mai kundin da ya rubuta kalma ɗaya a gaban Ganɗoki ya ɓoye abin da ya fi kome ban sha'awa a littafin, watau wurin da marubucin ya ga tarihi ya ƙare masa da shan kaye, ya kai jaruminsa inda ba a iya cin sa.

Gida na huɗu fa? A nan ne kundin ya nuna mini abin da ban lura da shi ba sai da na ga shafin da idona. Littafin Hausa da ya zauna a gidan nan daram shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a 1969, inda yaro Kilba ya haɗu da Kolin Koliyo, wani baƙo daga sama, ya tafi da shi sararin samaniya. A watan Yuli na wannan shekara ne mutanen Amurka suka sauka a kan wata. Ɗaya daga cikin malaman nan na Bukkuyum ya ce mini shi a ganinsa Kolin Koliyo aljani ne aka sauya wa riga, gama aikinsa ɗaya ne da na aljanun Ruwan Bagaja: ya zo wa mutum ba zato, ya ɗauke shi zuwa inda ƙafa ba ta kaiwa, ya nuna masa abin mamaki. Na ce masa ya rubuta haka a kundinsa da hujjarsa, ni kuma zan bar shi a gidan na'ura, domin abin hawan ƙerarre ne, kuma wurin da aka je wuri ne da 'yan Adam suka taka gefensa a shekarar. Irin wannan saɓani shi ake nema, gama kowannenmu littafin zai koma ya buɗe don ya kāre kansa.

Ban da wannan littafi, sauran abin da na shigar a gida na huɗu kusan duk da Turanci ne. Har ma akwai The Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2007, labarin da aka ajiye a ƙasar Nijar a shekarar 2070, watau a ƙofar gidanmu, amma ba da harshenmu ba. Gida na farko da na biyu kuwa sun cika maƙil, tun daga Magana Jari Ce da Dare Dubu da Ɗaya har zuwa littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da ire-irensu, waɗanda suka fito daga kasuwar littattafai ta Kano. Da ban ajiye kundi ba, da na ci gaba da cewa ina karanta labarun kimiyya da na al'ajabi, ban san cewa da Hausa ɗaya kaɗai nake karantawa ba.

Gida na gaba shi ne na asalin labari. Ba kullum mai karatu zai iya cika shi ba, kuma ba laifi a bar shi fayau. Amma in an cika shi yakan biya wahalarsa. Iliya Ɗan Maiƙarfi, alal misali, asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne, Ilya na Murom, wanda ya yi wa Sarki Vladimir na Kiev hidima. Dubi abin da Ahmadu Ingawa ya yi da sunayen. Hausa ba ta da sautin v, kuma ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere. Saboda haka Vladimir ya zama Waldima: v ta koma w, wasalin ya shiga tsakanin baƙaƙen biyu, r ta ƙarshe ta faɗi. Kiev kuma ya zama Kib, inda v ɗin dai ta koma b saboda ta zo a ƙarshen kalma. Ɗalibin da ya gano wannan da kansa ya koyi darasin tsarin sauti wanda ba zai manta ba, daga littafin da ya ce shiririta ne. Haka nan wanda ya yi karatun zaure har ya kai Maƙamatul Hariri zai gane inda Imam ya samo dabarar haɗa mutum biyu su yi ta karo da juna gari bayan gari, ɗaya na damfarar ɗaya. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi diddigin irin wannan aro a ayyukan Imam. Ni ban ga abin kunya a ciki ba. Abin da ya kamata ɗalibi ya rubuta shi ne me aka ɗauko, me aka zubar, me aka ƙara.

Sai gidan kalmomi, wanda na yarda son zuciyar mai nazarin harshe ne ya sa na faɗaɗa shi. A nan mai karatu zai shigar da kalmar da bai sani ba, da wadda ya sani amma ba haka ake faɗinta a garinsu ba. Akan ce wai rashin kalmomi ne ya hana a rubuta labarun kimiyya da Hausa. Kundin bai goyi bayan wannan zance ba. Harshen da ya iya cewa tauraron ɗan'adam, da 'yan sama jannati, da kumbo, wanda kuma ya ɗauki mutum-mutumi, abin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye, ya ba na'urar da ke aiki kamar mutum, ba zai gaza ba don an ce ya kai yaro wata duniya. Bambancin da ke akwai shi ne na daɗewa. Kalmomin asiri, irin su layar zana da baduhu da sagau da kau-da-bara da shashatau, kowace na ɗauke da labarinta, mai karatu na jinta ya san abin da zai biyo baya. Kalmomin kimiyya kuwa a labarun rediyo suka girma, ba su riga sun sha hannun masu ƙaga labari ba.

Ga mutanen yammacin Zamfara wannan gida na da wani amfani na dabam. Littattafan nan duka da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, wadda ta fi kusa da karin Kano. Ɗan Gummi yana karanta "ya tafi" a inda shi zai ce "yat tahi", yana karanta "rigar sarki" a inda zai ce "rigas sarki", yana ganin "me" a maimakon "mi", da "tatsuniya" a maimakon "gatana". Shawarata ita ce a bar shi ya rubuta ra'ayinsa a kan littafi da karin garinsu, kada malami ya bi da jan biro. Ƙamusun Bargery na 1934 ya yi wa kalmomi da yawa alamar inda ake faɗinsu, ko Sakkwato ko Katsina, amma an fi shekara 90 da yin wannan aiki, kuma "Sakkwato" a wurinsa ƙasa ce mai faɗi wadda ta haɗa har da Zamfara, gama sai a 1996 aka yanke jihar. In kwalejojin horon malamai suka tara irin wannan kundi na 'yan shekaru, za mu sami abin da za mu gwada mu ga inda Gummi ta rabu da Anka, da inda su biyun suka rabu da birnin Sakkwato.

Ranakun da aka rubuta a gidan farko, waɗanda mutum ke gani kamar cika shafi ne, su ne ke ba da labarin shekarar in an zo ƙarshe. Malamin ƙauye manomi ne, saboda haka za a ga shafin damina ya yi fari, na hunturu ya cika. Watan azumi yana da nasa karatun. Akwai kuma giɓin da ba yanayi ne ya kawo shi ba. A watan Satumba na 2021, saboda ta'adin 'yan bindiga, an rufe makarantu a jihar Zamfara, an dakatar da kasuwannin mako, an kuma yanke layukan waya. Wanda ya san yadda littafi ke isa waɗannan garuruwa ya san abin da wannan ke nufi: mai tallar littattafai ranar kasuwa yake shimfiɗa tabarmarsa, wanda ake turowa ta waya kuwa sai da layi. Abin da ya rage wa mai karatu shi ne abin da ke cikin akwatinsa da na maƙwabcinsa. Da akwai masu ajiye kundi a Anka ko Daki Takwas ko Nasarawar Burkullu a watannin nan, da yau mun san waɗanne littattafai ne suka yi ta zagayawa hannu da hannu, da wanda aka maimaita sau uku don babu wani. Mai rubuta tarihin adabin wannan yanki nan gaba zai nemi wannan labari.

Saura gargaɗi ga 'yan'uwana malamai. Kada a ba kundin maki. Ranar da aka ce wanda ya fi yawan littattafai shi ne na ɗaya, ranar kundin ya zama na ƙarya, za a cika shi da sunayen littattafan da ba a buɗe ba, a ɓoye waɗanda aka kwana ana karantawa. Kada kuma a hana shigar da littafin da ba a gama ba. A rubuta shafin da aka tsaya da dalili, ko da dalilin shi ne mai littafin ya zo ya karɓe abinsa, ko kuwa shafukan ƙarshe sun yage, abin da ya zama ruwan dare ga littafin haya. Malami shi ma ya ajiye nasa, ya kawo aji ya buɗe, har da wuraren da ya yi wata guda bai karanta kome ba.

In shekara ta cika, akwai aiki ɗaya da nake roƙon a yi. Kowane ɗalibi ya kwafe sunayen littattafan da ke hannunsa, waɗanda nasa ne na kansa, a takarda guda, a haɗa takardun aji a manna a bango. A garin da ɗakin karatu ya yi nisa, wannan takarda ita za ta gaya wa mai neman Ganɗoki ƙofar da zai je ya yi sallama. Wanda kuma ya tarar da tsohon bugu na Sihirtaccen Gari ko Tauraruwar Hamada a akwatin mahaifinsa, ya duba bayan bangon farko ya rubuta sunan maɗaba'a da shekara, ya aiko wa wannan sashe, ko da bangon ya ɓace sai ya faɗi yawan shafukan da suka rage.